Yadda Ake Gano da Gyara Matsalar Kwamfutar da Ke Sandarewa Idan Za Ta Shiga Dogon Barci

A Zariya ba wanda zai iya rantsuwa cewa wutar da ya gani da safe za ta kai azahar, shi ya sa maɓallin Hibernate yake da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu ƙera kwamfuta suka zata. Ɗalibin da ke rubuta furojet a Samaru ko Kongo, da mai buga takardu a PZ, da malamin da ke haɗa makin jarrabawa, kowa yana son ya rufe laftof a tsakiyar aiki, ya dawo gobe ya tarar da komai inda ya bari, batir bai ragu ba. To amma akwai kwamfutocin da da zarar an tura su wannan dogon barci sai su nuna shuɗin allo, ko allon ya yi baƙi fanka na ta juyawa ba ƙaƙƙautawa, ko su mutu su tashi fayau kamar ba a taɓa buɗe komai ba.

Shawarar farko da akan ba mai wannan matsala ita ce a yi fomatin. Ban yarda da ita ba. Fomatin yana cinye yini guda da data, kuma idan laifin batir ne ko na direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wata na'ura ta jikin kwamfuta, matsalar za ta dawo a makon nan, domin direban da ya jawo ta shi za a sake ɗorawa. Kwamfuta tana barin sawu duk lokacin da ta faɗi. Aikinka shi ne ka bi sawun, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana gwadawa bayan kowane canji.

Abin da ke faruwa a ciki

Idan ka danna Sleep, aikinka yana zaune a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa da zarar wuta ta yanke, batir na ci gaba da ba shi 'yar wuta kaɗan. Dogon barci daban yake. Windows yana sanar da direban kowace na'ura, wato na allo, na Wi-Fi, na sauti, na USB da sauransu, cewa ya adana halin da yake ciki ya kashe na'urarsa. Daga nan sai ya matse abin da ke cikin RAM ya rubuta shi a wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys da ke kan C:, sannan ya yanke wuta gaba ɗaya. Kamar mai shago ne a kasuwar Sabon Gari da magariba: sai kowane yaro ya shigo da kayan da ke hannunsa kafin a sa kwaɗo, idan yaro ɗaya ya ƙi amsa kira, shago ba zai rufu ba.

Saboda haka wuraren da abin ke lalacewa ba su da yawa. Ko dai wani direba ya ƙi amsawa, ko fayil ɗin da faifan da ake rubutawa a kai suna da matsala, ko wuta ta yanke kafin a gama rubutu, ko kuma RAM ko BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, su ne ba su da lafiya.

Kafin ka taɓa komai, kwafe muhimman fayilolinka zuwa filash ko Google Drive. Cikin dalilan wannan matsala akwai faifan da ya kusa mutuwa, kuma wasu gwaje-gwajen da za mu yi suna wahalar da faifai.

Ka fara da sa ido

Sau da yawa Windows yana sake kunna kansa da sauri har mutum bai samu ya karanta abin da aka rubuta ba. Hana shi. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, a ƙarƙashin Startup and Recovery danna Settings, cire alamar da ke kan Automatically restart. A nan dai, a wurin Write debugging information, zaɓi Small memory dump. Yanzu idan ta faɗi, allon zai tsaya har ka ɗauki hotonsa da waya. A sababbin Windows 11 allon ya koma baƙi maimakon shuɗi, amma sunan matsalar yana nan a ƙasa.

Sai ka buɗe wurin ba da umarni: danna Start, rubuta cmd, danna shi da maɓallin dama, zaɓi Run as administrator. Duk umarnin da zan kawo a nan ake rubuta su. Na farko:

powercfg /a

Zai nuna maka irin barcin da kwamfutarka ke iyawa. Idan Hibernate yana cikin jerin waɗanda ba su samuwa, zai faɗi dalili a ƙarƙashinsa. Idan yana samuwa, adana aikinka, jona caja, ka rubuta:

shutdown /h

Ka zuba ido. Shin ta faɗi ne tun kafin allo ya mutu, ko bayan ya mutu fitilar wuta ta ƙi mutuwa, ko kuwa ta kwanta lafiya sai wajen tashi ta rikice? Sannan ka sake gwajin ba tare da caja ba. Idan da caja tana kwanciya lafiya amma a kan batir tana faɗuwa, kusan ka gama bincike: tsallaka zuwa maganar batir.

Gwaji na gaba ba ya cin ko sisi. Zare duk abin da ke jone: filash, modem, firinta, maus, wayar da kake caji ko kake jan intanet da ita, katin ajiya, har da ɗan ƙaramin abin nan na maus mara waya da ake mantawa da shi a jiki. Kashe Bluetooth. Sake gwadawa. Idan ta kwanta lafiya, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Tsofaffin modem da firintocin da aka ɗora musu direban zamanin Windows 7 sun sha jawo wannan.

Karanta abin da ta rubuta da kanta

Rubuta perfmon /rel. Zai buɗe maka jadawalin kwanaki, jan da'ira mai alamar X yana nuna ranar da aka samu matsala. Abin da ya fi amfani a nan shi ne ka duba ranar da faɗuwar ta fara, ka ga me aka ɗora ko aka sabunta a ranar ko kwana ɗaya kafin ta. Sau da yawa amsar tana nan a fili.

Sannan rubuta eventvwr, shiga Windows Logs, sai System. Lamba 42 ta Kernel-Power tana nufin kwamfuta ta fara shirin barci. Lamba 41 tana nufin ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya dace ba. Mutane da yawa suna ganin 41 su ɗauka ita ce cutar, alhali shaida ce kawai cewa an faɗi. Wadda kake nema ita ce 1001 mai suna BugCheck, domin ita ke ɗauke da lambar matsalar. Idan ka ga 41 babu 1001 kusa da ita, to mai yiwuwa wuta ce ta yanke ɗif, ko kai ne ka danne maɓalli ka kashe ta bayan ta sandare.

Sunayen da aka fi gani su ne waɗannan. DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, mai lamba 0x9F, yana nufin wani direba ya ƙi kammala umarnin kashe na'urarsa a kan lokaci. Shi ne aka fi haɗuwa da shi. INTERNAL_POWER_ERROR, 0xA0, yakan shafi rubuta fayil ɗin barcin, kuma idan lambar farko da ke biye da shi 0xB ce, fayil ɗin ne ya yi kaɗan. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR, 0x7A, yana nuni ga faifai. MEMORY_MANAGEMENT, 0x1A, yana sa a zargi RAM.

Sake gina fayil ɗin barci

Wannan yana da sauƙi kuma yana warkar da kwamfutoci da dama, don haka ka yi shi ko da wane suna ka gani. Rubuta:

powercfg /h off

Sake kunna kwamfutar da Restart. Wannan ya goge tsohon hiberfil.sys. Sai ka koma ka rubuta:

powercfg /h on

powercfg /h /type full

A Windows 10 da 11 fayil ɗin yakan ɗauki kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato wajen 3.2GB ga mai RAM 8GB. A Windows 7 kashi 75 ne. Idan kai mai buɗe shafuka talatin ne a Chrome tare da AutoCAD ko SPSS, abin da ke cikin RAM yana iya fin ƙarfin fayil ɗin ko bayan an matse shi. Ƙara masa girma:

powercfg /h /size 100

Amma sai akwai fili a C:. Laftof ɗin da ke da SSD, wato faifan zamani mara juyawa, mai 128GB wanda aka cika da finafinai har layinsa ya yi ja ba zai iya wannan ba. Ka share, ka bar aƙalla filin da ya kai girman RAM ɗinka da ɗan ƙari.

Batir, wanda ba a cika zarginsa ba

A nan ne na fi son masu laftof na hannu su tsaya. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane a garin nan 'yan Beljiyam ne, sun yi shekaru a wani ofis kafin su iso mana, kuma batirinsu ya tsufa. Windows an saita shi ya shiga dogon barci da kansa idan batir ya kai wajen kashi 5 cikin 100. Tsohon batir kuwa yana iya nuna 20 yanzu, minti ɗaya ya faɗo sifili. Rubuta RAM a kan faifai aiki ne mai jan wuta, musamman a kan HDD, wato tsohon samfurin faifai mai juyawa. Sai batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, fayil ya fita rabi, washegari Windows ya jefar da shi ya tashi sabo. Mai kwamfuta ya ce Hibernate ya lalace, alhali wuta ce ta gaza.

Rubuta powercfg /batteryreport. Zai faɗa maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi da burauza. Kwatanta Design Capacity, wato ƙarfin batirin yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, batirin ya gaji. Idan kuma ya kumbura har yana ɗaga kibod ko wurin shafa yatsa, daina amfani da shi yau, wannan ya wuce maganar barci, haɗarin gobara ne.

Kafin ka samu kuɗin sabo, ka ba Windows lokaci. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, sai Battery. Ɗaga Critical battery level zuwa 15, ko 20 idan batirin ya yi muni, ka ɗaga Low battery level sama da haka, ka tabbata Critical battery action yana kan Hibernate. Ta haka za ta kwanta tun da sauran ƙarfi.

Wani abin kuma ɗabi'a ce. Ana fitowa daga lakca, mutum ya rufe murfi ya cusa laftof a jaka ya haye acaɓa, alhali faifai bai gama rubutu ba. Girgiza tana cutar da HDD yana cikin aiki, kuma idan ta sandare a cikin jaka za ta yi ta zafi har batir ya ƙare. Ka jira fitilar wuta ta mutu, fanka ta yi shiru. Masu kwamfutar tebur kuma, idan UPS ɗinku ba ya riƙe minti biyu, matsalarku ɗaya da ta mai tsohon batir.

Direbobi

Idan ka ga 0x9F, sai an nemo sunan direban. Fayilolin shaidar suna cikin C:\Windows\Minidump. Ƙaramar manhaja kyauta mai suna BlueScreenView tana buɗe su, amma sau da yawa takan nuna ntoskrnl.exe, wanda shi ne zuciyar Windows. Shi ne ya sanar da faɗuwar, ba lallai shi ya jawo ta ba. Wadda ta fi faɗin gaskiya ita ce WinDbg ta Microsoft, ana samunta kyauta a Microsoft Store. Buɗe ta da Run as administrator, buɗe fayil ɗin da ya fi sabunta, rubuta !analyze -v, ka jira, tana buƙatar intanet. Duba layin IMAGE_NAME.

Idan ka ga nvlddmkm.sys, na katin hoto na NVIDIA ne. igdkmd64.sys na hoton Intel ne, atikmdag.sys ko amdkmdag.sys na AMD. Wanda ya fara da Netwtw na Wi-Fi ɗin Intel ne, rtwlane.sys na Realtek. Wanda ya fara da iaStor na kula da faifai ne.

Ko da ba ka iya WinDbg ba, akwai hanyar hannu. Rubuta devmgmt.msc. Fara da neman na'urar da ke da alamar rawaya ko aka rubuta Unknown device. Duba Display adapters: idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ba a ɗora ainihin direban allonka ba ke nan. Bayan haka, danna Wi-Fi da maɓallin dama ka zaɓi Disable device, ka gwada shutdown /h. Idan ta faɗi, mayar da shi ka kashe Bluetooth, sai kyamara, sai mai karanta katin ajiya, sai mai karanta yatsa. Ɗaya-ɗaya. Kada ka taɓa abin da ke ƙarƙashin Disk drives, Storage controllers ko System devices a wannan gwaji.

Idan ka kama shi, akwai hanya biyu. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Properties, Driver, ka danna Roll Back Driver. In kuwa tsoho ne, sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ta hanyar sa lambar jikinsa: Service Tag ga Dell, lambar siriyal ga HP da Lenovo, tana ƙarƙashin kwamfutar. Ka haɗa da direban Chipset da na Intel Management Engine, waɗanda ake yawan tsallakewa saboda rashinsu ba ya hana sauti ko intanet aiki, amma suna da hannu a harkar wuta.

Ina roƙon masu gyara su rage dogaro da tarin direbobin nan na cikin filash guda da ake ɗora wa kowace kwamfuta. Na san dalilin, data tana da tsada kuma kwastoma na tsaye yana jira. Amma direban da ya yi kama da daidai yana iya sa allo da sauti su yi aiki, sai ranar da aka ce ya kwanta ya ƙi. Haka kuma tsofaffin kwamfutocin da aka tilasta wa Windows 11 alhali ba su cika sharaɗinsa ba. A ɓangaren ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor) ta Intel, daga zubi na 8 (8th Gen) ne ya fara karɓa a hukumance, in ban da 'yan kaɗan. Irin waɗannan ba lallai kamfaninsu ya fitar musu da direban Windows 11 ba, sai dai a gwada na Windows 10 na ƙarshe da ke shafin.

Ga Wi-Fi da USB Root Hub akwai ƙarin dabara: a Properties, idan akwai shafin Power Management, cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. A wasu sababbin laftof ba za ka ga shafin ba.

Idan a wajen Shut down ma tana faɗuwa

Tun Windows 8, a shekarar 2012, akwai Fast Startup. Idan yana kunne, Shut down ba cikakken kashewa ba ne: ana rufe manhajojinka, amma zuciyar Windows da direbobi ana rubuta su a hiberfil.sys. Shi ya sa mai wannan matsala yakan gan ta har wajen kashewa, kuma shi ya sa na ce ka yi Restart, domin shi ne ke tayar da komai sabo. Don kashe shi: Power Options, Choose what the power buttons do, Change settings that are currently unavailable, cire alamar Turn on fast startup. Mai SSD ba zai ji wani bambanci sosai ba. A cikin Advanced power settings kuma, ƙarƙashin Sleep, kashe Allow hybrid sleep idan laftof ce.

Wata kuma tana kwanciya lafiya amma ta farka da kanta. Wannan ba faɗuwa ba ce. powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tashe ta, powercfg /waketimers zai nuna manhajar da ta sa lokaci, powercfg /devicequery wake_armed kuma zai lissafo na'urorin da aka ba izinin tayarwa.

Faifai, RAM da fayilolin Windows

Bi da bi, kana jira kowane ya gama:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

sfc /scannow

chkdsk C: /f

Na farko yana jan data. Na uku zai nemi ka sake kunnawa, kuma kada ka fara shi sai da cikakken caji ko inji na aiki. Sai ka duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo. Idan ya nuna Caution ko Bad, daina neman wani dalili, kwashe kayanka ka canza faifai.

Don RAM, rubuta mdsched ka bar shi ya sake kunnawa ya yi gwaji. MemTest86 ya fi zurfafawa idan za ka iya barinsa ya kwana. Kuskure ko ɗaya ya isa hujja. Idan sandar RAM biyu ce a ciki, kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja da batir in yana ciruwa, cire sanda ɗaya ka gwada da ɗayar. Ƙurar hunturu tana shiga ramin RAM da fanka, sau da yawa a cire a busa a mayar ya wadatar. Abu ɗaya da kada ka yi: ƙara RAM ko canza faifai alhali kwamfutar tana cikin dogon barci. Za ta tashi da hoton tsohon jikinta a sabon jiki. Kashe ta da shutdown /s /t 0 tukuna.

Idan har yanzu ba a kama komai ba, rubuta msconfig, shiga Services, sa alamar Hide all Microsoft services, danna Disable all, ka kashe abubuwan Startup a Task Manager, ka yi Restart ka gwada. In ta warke, wata manhaja ce. Fara zargin anti-bairos, musamman in guda biyu aka ɗora, sai VPN, sai manhajojin da aka fasa.

BIOS a ƙarshe

Na bar shi ƙarshe saboda shi kaɗai ne zai iya kashe kwamfuta ɗungurungum idan aka yi ganganci. Rubuta msinfo32 ka ga BIOS ɗin da kake da shi, ka kwatanta da na shafin kamfanin. Idan akwai sabo, sharuɗɗa uku: batir mai lafiya a cike, caja a jone da wutar da ka amince da ita kamar inbata ko sola, sannan ka adana lambar ceto ta BitLocker, wato makullin faifai na Windows, in yana kunne. Mai mataccen batir kada ya gwada wannan da wutar gari. Kafin ma sabuntawa, shiga BIOS, da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka duba kwanan wata da agogo. Idan suna komawa baya duk lokacin da aka kashe, ƙaramin batirin bod (motherboard) ne ya mutu. Kada ka canza saitin SATA, Windows na iya ƙin tashi.

Masu Ubuntu da sauran Linux, 'yan sashen kwamfuta da injiniyanci galibi, taku daban ce: ana rubuta RAM ne a swap, wato filin faifai da Linux ke keɓewa don taimaka wa RAM, don haka sai swap ya isa girma kuma an nuna wa tsarin inda zai karanto shi, sannan Secure Boot, wani saitin tsaro a BIOS, yakan hana dogon barcin gaba ɗaya. In kuna da Windows a gefe, kada ku rubuta komai a C: daga Linux alhali Windows yana barci.

Idan duk wannan bai yi ba, kashe shi da powercfg /h off, ka mayar da Critical battery action zuwa Shut down, ka riƙa adana aiki da Ctrl da S. Sai ka kai wa mai gyara tare da hoton allon, da rahoton batir, da fayilolin Minidump a filash, da jerin abin da ka riga ka gwada. Ka ce masa: "Injiniya, don Allah kafin a yi fomatin a gwada ta da wani batir da wata caja, a sa wani faifan a gani." Idan da sabon faifai, da sabon Windows, da direbobin kamfanin, da lafiyayyen batir har yanzu tana faɗuwa, to laifin yana kan bod, kuma sai a yi lissafi ko kuɗin gyaransa ya fi na sayen wata.